Takin da Ya Ƙona Dashen Mangwaro

Kowa a layin, Mai Dashe yake ce masa. Shekara talatin da bakwai yana riƙe da ɗan fili a gefen titi, bayan tankin ruwa, inda yake jera dashen mangwaro da lemo da gwaiba a cikin baƙaƙen ledoji. Da wata 'yar wuƙa wadda wasawa ta cinye rabinta yake yi wa mangwaro aure, kuma cikin goma da wuya ɗaya ya ƙi kamawa. Bai yi boko ba, ba ya kuma son a tuna masa.

Cikin 'ya'yansa biyar, Auta ce kaɗai ta ɗauko hannunsa. Da ta shiga makarantar koyon aikin gona sai ya laƙaba mata Likitar Ciyawa. Yana faɗa yana dariya, amma a bayan idonta ba shi da hira sai tata.

Shekarar da ta gama, wani mai gona ya ce yana son dashe ɗari uku kafin ruwa ya sauka. Dashen kuwa sun yi jinkirin girma. Mai Dashe, wanda duk rayuwarsa kashin awaki ya sani, ya sayo buhun takin zamani ya shiga zuba cikin tafin hannu a kowace leda. Auta ta iske shi a kai, mai facin taya na gefe yana kallo.

"Baba, wannan ya yi yawa."

"Abinci ne fa. Yaushe abinci ya taɓa kashe mai jin yunwa?"

Ta tsuguna kusa da shi. "Saiwa ba baki gare ta ba, Baba. Ƙwayoyin halitta ne ƙanana, kowace da tantani a jikinta. Ruwa yana ratsa tantanin ya nufi inda gishiri ya fi yawa. Takin nan kuwa gishiri ne. In ƙasa ta fi saiwa gishiri, ruwan cikin saiwar ne zai fita. Ba ka ga yadda albasa ke tsatso ruwa in Umma ta barbaɗa mata gishiri ba?"

Mai faci ya ƙyalƙyale da dariya. "Yau kuma ɗalibi ka zama, Mai Dashe?"

Dariyar nan ce ta ɓata komai. Ya miƙe ya kakkaɓe hannu. "Tun ba a haife ki ba nake wannan sana'a. Wuce gida."

Kwana huɗu ganye ya langaɓe, bakinsa ya soye kamar an kara masa wuta, ga ƙasa kuwa da danshinta. Ya gane gaskiyarta, amma ya kasa kiranta. Rana ta biyar ya zo da safe ya same ta tana zazzage ledoji, tana wanke saiwoyi a bokiti tana sake musu ƙasa. Maimakon ya tsuguna su yi tare, sai ya hau ta da faɗa, har ya ce hannunta ne ya kashe masa dashe. Ta ƙarasa layin da ta fara, ta ɗauraye hannu ta tafi.

Sittin ɗin da ta wanke su ne suka rayu. Sauran duk suka bushe.

Bayan wata biyu ta sami aiki a wata gona mai nisa. A can ta yi aure, a can take har yau. Tana kira duk mako, ta gaishe shi da ladabi, ta tambayi gwiwarsa da hawan jininsa. Maganar shuka dai ba ta ƙara haɗa su ba. Umma ta sha ce masa, "Kalma ɗaya ce, Malam, ka faɗa mata mana." Sai ya ce ai uba ba ya ba 'ya haƙuri, ya juya fuska.

Bara idonsa ya raunana har ba ya ganin inda zai tsaga reshe, ya bar wa wani mai walda rabin filin. Ranar da aka kwashe ledojin, Auta ta kira. Ya riƙe wayar ya daɗe yana gyaran murya.

"Auta, dama akwai wata magana."

"Ina jin ka, Baba."

Sai ya tambaye ta lafiyar yara, ya miƙa wa Umma wayar.