Mai Haƙan Kabarin Araba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, tara ga Sha'aban, bayan Azahar, Allah Ya karɓi ran Kawu Gadulkarim, mai haƙa mana kabari a garinmu Araba, nan bayan haikalin Fir'auna.

Kawu, kai ka fi kowa sanin ƙasar da muke takawa. Mutanen dā daga ko'ina suke kawo gawarsu nan don a binne ta kusa da haikalin, har ƙasar ta cika maƙil. Duk inda ka sa magirbi, akwai wanda ya riga mu. Kai kuwa ba ka taɓa wurgar da ƙashi ba. Sai ka yi sallama, ka ce, "Ku ɗan matsa, bayin Allah, baƙo ya zo." Muna yi maka dariya a wurin shan shayi, muna cewa ka fi gaisawa da matattu fiye da surukanka.

Na daina dariyar ranar da 'yata Sabrin ta rasu. Kana haƙa mata kabari, sai ga ƙaramin akwatin gawa na mutanen dā mai zanen fuska, idanu a buɗe. Duk mun san in labari ya kai ga hukuma, za a kewaye maƙabartar da waya, a tone mamatanmu a kwashe. Ka ture shi gefe, ka rufa masa yashi, ka ce da ni, "Share hawayenka, ɗana. Yarinya ce ita ma. Za su yi wasa tare." Na ji tsoro ƙwarai, amma na ji sanyi.

Shi ya sa ranar jana'izarka gabana ya yi ta faɗuwa. Masu haƙan ba su san hannu ba, ga baƙi cike da maƙabarta, ga shi dab da Sabrin ka ce a sa ka. In wani abu ya fito a idon jama'a, shi ke nan, za a tone Sabrin a ɗaga ta.

Suka haƙa har ƙasa. Yashi zalla, fari tas, ko guntun tukunya babu. Tun da nake, ban taɓa ganin haka a garin nan ba.

Da na gaya wa matarka, Gwaggo Fathiyya, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "To, me kake tsammani? Sun matsa masa, sun ba shi wuri."

Allah Ya jiƙan ka, Kawu, Ya yalwata maka makwanci kamar yadda ka yalwata wa wasu. Gwaggo Fathiyya da 'ya'yanki, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya sa in tamu ta zo mu ma a matsa mana.