Inda Lung Thawi Ya Miƙe Ƙafarsa

Lung Thawi ya shekara talatin da ɗaya yana zagayawa da baƙi cikin kufan Ayutthaya, tsohon babban birnin ƙasarmu. Lung dai kawu ne a bakinmu, kuma haka kowa ke kiransa. Ba ya aiki a ƙarƙashin kowane kamfani. Kayan aikinsa katin izini ne da yake ratayawa a wuya, da laima, da wata tsohuwar taswira da ya naɗe cikin leda. Iyali ɗaya yake ɗauka a yini. Ya ce in mutane suka wuce biyar, ba zagaye ake yi ba, kiwo ake yi.

Mahaifinsa ɗan fito ne a mashigar da ke kusa da tashar jirgin ƙasa. A cikin kwalekwalen nan Thawi ya tsinci Turancinsa, daga baya ya ƙara da ɗan Japananci. Matarsa ta rasu shekara shida da suka wuce. 'Yarsu ɗaya, Jeab, tana aiki a wata masana'anta a hanyar Bangkok.

Abin da aka san shi da shi yana faruwa ne a tsohon haikalin Wat Mahathat, gaban wani kan gunkin Buddha na dutse da saiwoyin bishiya suka rungume dab da ƙasa. Ba a tsayawa ƙerere a kansa. Mai son hoto sai ya rusuna, kuma ba a nuna masa tafin ƙafa, kamar yadda ba a nuna wa kowane mutum mai mutunci. Sauran masu rakiya daga tsaye suke faɗa wa baƙinsu haka. Thawi kuwa a aikace yake nunawa. Yakan cire hula, ya zauna a ƙasa, ya tanƙwashe ƙafafunsa zuwa baya. Baƙin su dube shi, su yi yadda ya yi.

"Ban taɓa ce wa baƙo ya zauna ba," in ji shi. "Yaya zan sa mutum ya ƙasƙantar da kai ni ina tsaye?"

Ta hagun bishiyar akwai benci, a kansa akwai Jamrat, mai gadin wurin. Aikinsa busa usur in wani ya tsaya ɗaukar hoto a tsaye. Ajinsu ɗaya da Thawi a makarantar haikali, kuma ya girme shi da wata biyar, abin da bai taɓa bari a manta ba. Kullum suka haɗu sai sun taɓa.

"Mai tumbi, yau mutum nawa ka firgita?" in ji Thawi.

"Tsohon biri, ni da usur nake aiki, kai da gwiwa. Za mu ga wanda zai riga lalacewa."

Gwiwar ce ta riga. A daminar bara gwiwar Thawi ta dama ta kumbura, har ta kai sai da aka yi masa aiki aka sa ta ƙarfe. Likita ya gaya masa gaskiya: zai yi tafiya, zai hau matakala a hankali, zai ma iya zama a ƙasa, amma ƙafar ba za ta sake tanƙwasuwa zuwa baya ba. In ya zauna, miƙe ta zai yi.

Jeab ta ga magana ta ƙare. Ta gyara masa ɗaki a gidanta.

"Baba, ka tsaya daga gefe ka yi musu bayani mana. Kowa haka yake yi."

"Ni ba kowa ba ne."

"To ka tsallake wurin."

"Wanda ya zo Ayutthaya bai ga kan nan ba, me ya zo yi? Cin taliya?"

Suka yi yarjejeniya. Zai gwada yini ɗaya. In ya kasa zama gaban kan yadda ya dace, zai cire katin daga wuyansa ya bi ta.

Da yake unguwarmu ɗaya, ranar gwajin na bi shi. Baƙinsa wasu mata biyu ne 'yan Japan, ya da ƙanwa, dukansu sun manyanta. Da tuk-tuk, babur ɗin haya mai ƙafa uku, muka zaga, don ya bar hawa keke. Ya nuna musu hasumiyoyi uku na tsohuwar fada, ya nuna musu inda wuta ta ci jan bulo har ya yi baƙi, ya saya musu roti sai mai, zaren sukarin nan da ake naɗewa cikin waina mai laushi. Yana ɗingishi kaɗan, amma bakinsa bai canja ba. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya muka isa gindin bishiyar.

Ya cire hula, sai ya tsaya. Na ga yana duba kowace kusurwa. Gaba kan Buddha ne. Ta dama jerin gumakan da aka sare wa kawuna, kuma a wurinmu rashin kai bai rage musu komai ba. Ta baya mutane ne cike suna jiran layi, har da wata tsohuwa. Ta hagu Jamrat. Babu inda zai miƙe ƙafa bai ci mutuncin wani ba. A gida ya gwada zaman sau da yawa, amma a gida bango kawai yake fuskanta, bai lissafa da wannan ba.

Matan suka ga bai zauna ba, sai ƙaramar ta ɗaga waya daga tsaye. Jamrat ya busa usur. Aikinsa ne, kuma bakinsa ya riga tunaninsa. A shekara talatin da ɗaya, ranar ce aka fara busa wa baƙon Thawi usur.

Thawi ya kai hannu ga igiyar katin da ke wuyansa.

"Kai, me kake yi?" in ji Jamrat.

"Na gama, Yaya."

Ban taɓa jin ya kira shi Yaya ba. Da alama shi ma Jamrat bai taɓa ji ba, don sai da ya cire usur daga baki.

"Ka gama me? Zauna ka miƙo ta nan."

"Wajenka? Ka girme ni."

"Yau ka tuna? Shekara hamsin kana miƙo min baki, ƙafa ce za ta kashe ni? Ta ƙarfe ce ma, ba taka ba ce. Zauna, kana tare wa mutane layi."

Thawi ya haɗa tafukan hannu ya ɗaga har goshi, ya nemi gafarar kan Buddha, sannan ya juya ya yi wa Jamrat irin gaisuwar da ake yi wa babba. Ya dogara da laima ya sauka a hankali, ya karkace jiki, ya tanƙwashe ta hagu, ya miƙe ta dama sosai, tafin takalminsa yana kallon benci.

Matan nan biyu suka dube shi, suka yi abin da baƙinsa suka saba yi. Suka zauna, kowacce ta miƙe ƙafar dama ta saita Jamrat, cikin ladabi ƙwarai.

"Ɗaya na ce!" in ji Jamrat. "Ɗaya! Wa ya ce ka zo min da gayya?"

Masu rakiyar da ke layi suka kwashe da dariya. Thawi ya yi wa matan magana a hankali da harshensu, suka ja ƙafafu da sauri suna ba da haƙuri. Ranar ya fara yi wa baƙo bayanin zama da baki, amma daga zaune ya yi. Da aka gama hoto, Jamrat ne ya taso ya kama hannunsa ya ɗaga shi, yana mitar nauyinsa.

Jeab ta ji labari ta waya. Ta ce wannan ha'inci ne, ba haka aka yi da ita ba. Ɗakin dai yana nan a gyare.

Yanzu Thawi ba ya ɗaukar baƙi ranar Talata, don ranar Jamrat ke hutu, kuma wanda ke canjinsa bai ba da izinin a miƙa masa komai ba. Jamrat zai yi ritaya a ƙarshen Satumba mai zuwa. Na tambayi Thawi yadda zai yi. Ya ce sun riga sun yi magana: mai tumbi zai riƙa zuwa ƙarfe goma sha ɗaya ya zauna a bencin, in dai za a saya masa kwanon taliya da ƙarin nama.