Kwantenar Agadir

Layin dogo a Marrakesh yake ƙarewa. Duk kwantenar da jirgin ƙasa ya sauke, sai tirela ta ƙarasa da ita, kuma shekara ashirin da shida ke nan Bujma'a yana cikin masu ƙarasawar. Mutum ne siriri, mai ƙarancin magana. Ba ya tayar da mota sai ya zaga ya taɓa makullan kusurwa huɗu na kwantenar da hannunsa, ya karanta lambar hatimin ƙofarta sau biyu. Bai taɓa tambayar abin da ke cikin kwantena ba. Daga yadda mota ke nishi a hawa yake gane nauyinta. Abokan aiki suna ce masa Kunkuru. Larbi, wanda ya fi kowa baki a tashar, yakan ce in ka aiki Bujma'a da ɗanyen dabino, busasshe zai kai.

A watan da ake girbin zaitun 'yarsa Rkiya ta rasu, tana da shekara goma sha tara, bayan doguwar jinyar ƙoda.

Direbobin tashar suna da al'ada: wanda aka yi wa rasuwa ba ya taɓa sitiyari sai an yi arba'in. In layinsa ya zo, wani ne zai ɗauki kayan da sunansa. Bujma'a kansa ya yi wa mutum biyar haka.

Gidansa ɗaki biyu ne, kuma ya cika. 'Yan'uwan matarsa Fadma sun zo daga ƙauye, maƙwabta suna shigo da kuskus, masu ta'aziyya ba sa yankewa. Shi ne mai tarbar kowa, mai zuba shayi, mai cewa alhamdulillahi. Fadma tana kuka a kafaɗar yayyenta. Shi kuwa kwana tara bai sami inda zai zauna shi kaɗai ba.

Ranar ta goma ya je tasha. Ya tarar da direbobi a gindin katanga suna shan bisara, wato miyar wake, da burodi, suna yi wa wani dariya. Da suka gan shi dariyar ta mutu. Aka miƙe, aka sumbaci kansa, aka ba shi kujera mafi kyau. Larbi ma "Si Bujma'a" ya ce masa, ya haɗa da "Si" na girmamawa. Da ya nemi takardar kaya, suka ce Allah ya kiyaye, ai ba su mutu ba. Ya koma wajen iyali. Ya dawo washegari, da jibi, amsar ba ta canja ba. Ya kasa gaya musu dalili, don bai san yadda namiji mai furfura zai ce wurin kaɗaici yake nema ba.

Si Mbarek, dattijon da ke raba layi, shi ya lura cewa Bujma'a ba ya zama a kujerar. Motarsa yake zuwa, ya hau, ya rufe ƙofa. Minti biyu ba ta cika sai wani ya ƙwanƙwasa gilashi da kofin shayi.

Da safen kwana na goma sha uku jirgi ya shigo. Mbarek ya zaro takardar Agadir, tafiya mafi nisa a ranar, ya miƙa wa Bujma'a. Larbi ya ce wannan abin kunya ne, me mutane za su ce.

"Kai dai Larbi, bakinka ya fi birkinka aiki," in ji Mbarek. Ya juya ga Bujma'a. "Ɗan'uwa, kayan nan ba na gaggawa ba ne. Ka ji ko? Ba na gaggawa ba ne."

"Na ji, Si Mbarek."

Injin ɗaga kaya ya ɗora masa kwantenar. Ya fita ƙofar tasha, ya miƙi hanya. Ya wuce Shishawa, duwatsu suka fara tasowa. Bayan Imintanut akwai fili a gefen titi inda manyan motoci ke tsayawa su huce. Ranar babu kowa. Ya ja birki, ya kashe inji, ya kifa goshi a kan sitiyari. Ya kira sunan Rkiya sau ɗaya, da ƙarfi, sannan kukan da ya danne ya ɓalle.

Bayan la'asar ya isa Agadir, ya makara da awa uku. Ya kira Fadma a waya ya ce gobe zai dawo. Ta ji muryarsa, sannan ta tambaye shi ko ya ci abinci.