Wa Zai Cafe Ni?

A gidanmu na Birnin Kudu ba a rawa. Ba wanda ya taɓa tara mu ya kafa mana doka, haka dai muka taso muka tarar, kamar yadda muka tarar ana cire takalmi a ƙofar ɗaki. Mahaifinmu malami ne, yana da makarantar Islamiyya a jikin gidan, kakanmu ma karatu ya yi har ya koma ga Allah. Idan ana biki a maƙwabta iyayenmu mata sukan je su yi Allah ya sanya alheri, su ci abinci, da an kifa ƙwarya a ruwa za a fara kiɗa sai su yafa mayafi su dawo gida. 'Yan matan unguwa kuwa in sun fita dandali, mu sai dai mu jiyo tafinsu ta kan katanga.

Mutum ɗaya ce a gidan da ƙafarta ta ƙi koyon wannan tsari, wato kakarmu ta wajen uba, wadda muke kira Iya. 'Yar manoma ce daga wani ƙauye a ƙasar Gwaram, aure ya kawo ta gidan malamai. Ban taɓa ganin ta yi rawa ba. Amma ko lugude ta jiyo daga wani gida, sai ka ga babban yatsan ƙafarta yana bin taɓarya. In muka nuna muna dariya, ta ce mana sanyin ƙashi ne, kuma in mun tsufa za mu gani.

Lokacin sanyi, bayan an kwashe tuwo an yi isha'i, Iya takan ja kujerarta 'yar tsugunne zuwa bakin murhu kafin garwashin ya mutu. Ta tura kara biyu, ta binne dankali a toka, mu jikoki mu kewaye ta. Ni Rabi koyaushe a bayanta nake zama, don can ne hayaƙi ba ya zuwa. Iya ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke yi. Sai ta ƙwanƙwasa gefen ƙwarya ta ce, "Ga wata baƙuwa nan daga Gwaram, ƙafarta duk ƙaya." Mu kuma mu ce, "Ta shigo ta ji ɗumi."

Tana da wani wasa da take mana. Ana tsakiyar hira sai ta saki jiki ta yi baya kamar za ta faɗi, tana cewa, "Wa zai cafe ni?" Mu kuwa sai mu watse muna ƙyalƙyala dariya, ni da nake bayanta na fi kowa saurin gocewa. Ta dafa ƙasa da hannu ɗaya ta miƙe zaune, ta ce jikokin malamai ba su da amfani sai cin dankali. Mun ɗauka tsokana ce irin ta kaka da jika, kuma ita ma dariya take yi.

Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ita ce ta Lantana. Da yake mu ba 'yan dandali ba ne, sai da ta fara yi mana bayanin gaɗa. 'Yan mata ne suke tsayawa a jere kamar rabin faifai, suna tafi suna waƙa. Ɗaya ta fito tsakiya ta taka, ta juya musu baya, ta faɗo ba tare da ta waiga ba, su cafe ta su cilla ta sama, ta dira a kan ƙafarta. In ta gama sai ta koma cikin jere, ita ma ta cafe wata.

Lantana, in ji Iya, ba a yi mai rawa kamarta ba a garinsu. In ta fito fili har masu tallan gyaɗa sai sun ajiye faranti. Aibinta ɗaya, ba ta son tsayawa a jere. Da ta dira sai ta ce ƙishirwa take ji, ko ɗankwalinta ya kwance, ko an aike ta. Wata rana da farin wata sai ga baƙuwar yarinya wadda ba wanda ya san daga inda ta fito. Ta yi sallama, ta shiga fili ta taka, ta juya baya daidai inda Lantana take tsaye. Lantana tana can tana gyaran ɗauri. Baƙuwa ta faɗo ta bugi ƙasa. Ba ta yi kuka ba, ba ta zagi kowa ba. Ta tashi ta karkaɗe zaninta, ta dubi Lantana, ta yi wata 'yar waƙa da Iya take rerawa da siririyar murya:

Na ba ki bayana, yarinya,
Kin ba ni ƙasa.
Riƙe mini shi, yarinya,
Sai na dawo karɓa.

Gari na wayewa bayan Lantana ya sandare kamar taɓarya. Ba ta iya sunkuyawa ta ɗauki tulu, balle ta faɗa da baya. An yi jiƙe-jiƙe, an yi shafe-shafe, shiru. Daga ƙarshe wata tsohuwa mai saƙar faifai ta ce mata maganinta yana dandali. Ta je ta tsaya a jere, ta yi ta cafe duk wadda ta faɗo, har ranar da mai bayan za ta dawo. Haka Lantana ta yi ta bin garuruwa, ba ta shiga fili, sai dai ta tsaya a baya ta miƙa hannu. Ta cafe masu ƙiba, ta cafe ramammu, ta cafe waɗanda ba sa gaishe ta. Har wata rana wata baƙuwa ta faɗo mata da nauyi kamar buhun gero. Gwiwoyinta suka lanƙwashe, amma ba ta saki ba. Nan take ta ji bayanta ya yi ƙas, ya saki.

Mukan tambayi Iya ko Lantana ta koma rawa. Sai ta ce ta koma mana, amma daga ranar ita ce farkon shiga jere. Wani lokaci idan waƙar ta ɗan yi ƙarfi sai mu ji Baba ya yi gyaran murya daga zaure. Iya ta ɗaga gira, ta tono dankali ta rarraba mana, ta ce, "Na ajiye ta a bakin murhu, wanda ya riga tashi gobe ya ɗauka." Mu dai mun fassara gyaran muryar nan da cewa a yi shiru. Darasin tatsuniyar kuwa, abin da na ɗauka bai wuce kada mutum ya zama mai son kansa ba, kuma na ajiye shi tare da sauran darussan yara.

Iya ta rasu ina sakandare. Na gama karatu na fara koyarwa a firamare, kuma Allah da ikonsa sai na auri mutumin Gwaram, ɗan manoma, irin gidan da ko suna ake yi sai an kifa ƙwarya. Shugabar wannan harka ita ce ƙanwar mahaifin maigidana, Gwaggo Laraba, mace mai murya kamar ta mai shela. Shekara da shekaru ina zuwa bukukuwansu, ina wanke-wanke, ina rabon abinci, da an fara kiɗa in nemi tabarma a gefe in naɗe hannu. Suka sa mini suna 'Yar Malamai. Da fari da wasa suke faɗa, daga baya na lura akwai masu ganin girman kai ne. Gaskiyar magana ita ce ban iya ba, kuma ina jin kunyar a ce 'yar Malam ce ke juyi a tsakar gida.

Abin da ya tayar da zancen shi ne auren Sa'ade, ƙanwar maigidana. Mahaifiyarsu ta rasu Sa'ade tana ƙarama, aka kawo mini ita tun ba ta iya ɗaura zani ba, a ɗakina ta girma. A danginsu akwai abin da suke kira gaɗar sallama. Ranar sa lalle, matan dangi su rufe ƙofa su tsaya a jere, amarya ta fito ta yi gaɗarta ta ƙarshe a matsayin budurwa. Wadda take tsayawa daidai bayanta ita ce wadda za ta kai wa kuka idan zaman aure ya yi zafi, kuma amarya ce take zaɓa da bakinta. Sa'ade ta ce ni take so.

Gwaggo Laraba ta ce a canza, 'Yar Malamai ba za ta tsaya ba, kada a bar marainiya da baya a buɗe a gaban mutane. Sa'ade ba ta yi musu ba. Ta same ni ina tsince shinkafa, ta zauna ta taya ni, can ta ce, "Yaya, in ba za ki iya ba ba komai. Amma ba zan zaɓi wata ba, sai dai a fasa gaɗar." Na san abin da fasawa take nufi. Za ta shiga gidan miji kowa yana cewa ba ta da mai tsaya mata, kuma ita kanta za ta tafi da tunanin riƙon da na yi mata riƙon amana ne kawai. Abin ya dame ni ƙwarai, don yarinyar nan 'yata ce.

Na hau mota na tafi Birnin Kudu wajen Baba. In faɗi gaskiya, so nake ya hana ni, in sami abin fakewa. Na same shi a zaure kan buzu, tsufa ya kama shi, yana shan shayi. Na yi ta kewaye-kewaye kafin na kai ga maganar. Ya tambaye ni ko akwai maza a wurin, na ce babu, mata ne zalla a cikin gida. Ya tambaya ko waƙar tana da batsa, na ce a'a. Ya ce to mene ne abin tambaya? Na ce ai na ga a gidan nan ba a yi, har Iya ma hana ta aka yi.

Ya ajiye kofin ya dube ni. "Wa ya ce miki hana ta aka yi? Mahaifina bai taɓa hana ta ba. Gaɗa ba a yin ta mutum ɗaya, Rabi. Ta zo gidan da ba wadda ta iya tsayawa a bayanta, shi ke nan."

Na ce to gyaran muryar da yake yi fa in tana waƙar Lantana? Ya ce da wannan waƙar Iya ta goya shi, in ya ji ta maƙogwaronsa ne yake cushewa. Daga nan ya koma kan shayinsa, ya tambaye ni lafiyar yara.

Ranar lalle, bayan la'asar, aka rufe ƙofar gida. Gwaggo Laraba ta ga na ɗaure mayafi a ƙugu na nufi jere. Ta matso ta gyara mini tsayuwa, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, ta ce in sassauta gwiwa, kada in tare amarya da ƙirji. Aka ɗauki tafi. Ni tafina ma ba ya tafiya daidai da nasu. Sa'ade ta fito ta taka, hawaye a fuskarta, ta juya mana baya. Ko sau ɗaya ba ta waiga ba, ta saki jiki gaba ɗaya. Nauyinta ya ba ni mamaki, yarinyar da na saba goyawa. Gwiwata ta lanƙwashe, na riƙe, hannayen sauran mata suka shigo ta ƙarƙashin nawa, muka cilla ta, ta dira. Aka rangaɗa guɗa.

Ban sani ba ashe wadda ta cafe amarya ita ce ke biye. Kafin in gudu Gwaggo ta tura ni fili. Abin da na yi ba za a kira shi rawa ba, kamar mai taka gyaɗa a buhu. Da na zo faɗawa sai na waiga, wurin ya kaure da dariya. Gwaggo ta ce, "'Yar Malamai, mai waige ba ta faɗuwa daidai. Muna nan." Na rufe ido na saki jiki, suka cafe ni.

Tun daga ranar nake shiga. Har yau ban iya taku ba, kuma sunan 'Yar Malamai bai bar ni ba, sai dai yanzu in za a tsaya a jere ni ake fara nema, wai hannuna ba ya saki. 'Ya'yana mata suna zuwa Islamiyyar kakansu da safe in muna Birnin Kudu, in muna Gwaram kuma su shiga gaɗa, ban ga ɗaya ta rage wa ɗaya komai ba.

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar Lantana a matsayin gargaɗi ga mai son kai. Sai da na tsufa kaɗan na gane Iya ba gargaɗi take mana ba, jere take haɗawa. Mace ce da ta bar garinsu da abin da ta iya, ta zauna cikin mutanen kirki waɗanda ba su san yadda za su karɓe shi ba, ta jira har ta sami jikoki. Ta koya mana yadda ake tsayawa, ta rera mana waƙar, sannan ta juya baya ta tambaya wa zai cafe ta. Ni ce nake zaune daidai bayanta, yarinya ce ni, ban san tambaya ce ta gaske ba. Shi ya sa yanzu in na ga mace ta juya baya a fili, ko ban san ta ba, nakan matsa kusa in sassauta gwiwa.