Rigar Matar Kogi

Hisano Kuramochi 'yar maɗinkin kimono ce, wato doguwar rigar gargajiyarsu, a unguwar Uzumasa ta birnin Kyoto, amma tun tana budurwa ɗinkin mahaifinta ya gundure ta, kullum yanka iri ɗaya. Sai ta kama aiki a wani kamfanin fim, inda ake yi wa aljanu da dodanni sutura.

Hisano ba ta san zama ba. A tsaye take cin shinkafarta tana zagaya tebur.

Wata shekara darakta Nakazato ya ce yana son rigar wata mata da ta nutse a kogi amma ba ta san ta mutu ba. "Ina so a ga ruwa a jikinta, amma kada ta jiƙe."

"Kai dai, Nakazato, ba ka taɓa kawo aikin mutane ba," in ji Hisano, tana laluben almakashi.

Ta gwada siliki, ya yi kyau da yawa. Ta gwada takarda, ta yage. Abinci ya fita ranta. Yayarta Tokie ta ce, "Amare na neman tela, ke kin tsaya auna fatalwa. Allah ya shirye ki."

Ran nan tana birkice akwatin mahaifiyarsu, sai ta ci karo da tsohon gidan sauro, kore, duk ya koɗe. Ta ɗaga shi a hasken taga, ya yi ta lilo kamar ƙasan kogi. Nan take ta sa almakashi, Tokie na ihu. Ta jera shi hawa-hawa, ta ɗinka masa gutsattsarin kwalba.

Yoshimi, 'yar wasan da ta sa rigar, ta ce, "Inna, rigar nan cizo take yi!"

"Gawa ba ta ƙorafi. Ɗaga hannu."

Da fim ya fito, kowa zancen rigar yake. Ita kuwa Hisano tsakiyar kallo ta fice daga sinima, wai kafaɗar hagu ta rigar ta zame. Ta je ta ce a sake ɗauka. Nakazato ya yi dariya har da hawaye, ya miƙa mata aikin rigar sarkin hankaki na sabon fim.

Haka ta yi ta yi har ido ya gaza zura zare a allura. Sai ta koma rini a bayan gida, hannuwanta shuɗi har gwiwar hannu, tana faɗa da maƙwabta kan igiyar shanya.