Ƙashin Jaki a Filin Langa

Ba da son raina na shiga lakwal, makarantar Nasara, ba, ba kuma da son ran kowa a gidanmu ba. Kumandan, Baturen mulki, ya ce wa sarki a kawo yara, sarki ya ce wa mai gari, mai gari ya duba gidajen ƙauyenmu ya ga namu ne babu mai bakin magana. Haka aka ɗora ni bayan gardi, dogarin Kumandan, a kan doki zuwa Filinge. Aka sauke ni gidan wani mai sayar da kanwa, ya ba ni tabarma a zaure da tuwo sau ɗaya a rana. Bai taɓa zagina ba, amma sai da na yi wata biyu kafin ya tambayi sunana.

Lakwal ɗin ɗaki biyu ce ta laka, da dangar kara, da fili mai rairayi a gaban wani tsohon gawo. Mushenmu, wato malamin, mutumin Dahome ne, ba ya jin Hausa ko ta sayen gishiri. Mu kuma kashi biyu muke. Akwai 'yan gari, 'ya'yan fatake da na gardi, masu riguna. Akwai mu da aka tattaro daga ƙauyukan Kurfai da wajen Bankuku. Suna ce mana 'yan kopto, saboda kwaɗon ganyen da muke ci, mu kuma muna ce musu 'yan tsire. Ko rijiya ba ma zuwa tare.

Ni ko cikin 'yan kopton ba ni da wuri. Karatu ya karɓe ni da sauri, Mushe ya mai da ni bencin gaba, kullum yana nuna ni da sanda yana cewa a yi koyi da ni. Da wannan yabon ya gama da ni. 'Yan gari suka tsane ni don na wuce su, 'yan ƙauye suka ce na zama ɗan Nasara. Mutum ɗaya ne kawai yake magana da ni, ɗan wani maƙeri daga ƙauyen da ke kusa da namu. Ya girme ni da shekara uku, ƙato ne, ya maimaita aji har benci ya san shi. In an tashi, mukan zauna gindin dutse muna gwaguyar goriba, shi yana zuba, ni ina saurare.

"Kai ƙanena," yakan ce, "mi kaka gani cikin takardar ga? Ni dai tururuwa nika gani sun yi layi."

In ba shi, sai in yini in kwana ban ji wani ya kira ni ba. Wannan na sani sarai tun a lokacin.

Mushe yana da wani abu da yake kira sambol. Ƙashin muƙamuƙin jaki ne da aka ɗaura wa igiya. Duk wanda aka ji ya yi Hausa ko Zabarmanci cikin danga, sai a rataya masa a wuya, shi kuma ya yi ta kasa kunne har ya kama wani ya miƙa masa. Wanda ƙarfen tashi na ranar Asabar ya same shi da ƙashin, bulala ce, da sifiri a littafi.

Wuri ɗaya ne ƙashin ba ya aiki, filin langa. Ba Mushe ne ya ce haka ba, mu ne muka yarda tsakaninmu, ba tare da an zauna an faɗa ba. Yaya mutum zai riƙe ƙafa ɗaya da hannu, yana tsalle da ɗaya, ana banko shi ta ko'ina, ya tsaya neman kalmar Faransanci? A langa kowane ɓangare yana da ruwa, wato wanda ake karewa har ya kai masha, mashar tamu kuwa gindin gawon nan ne. Ni ne ruwan 'yan kopto, ba don suna sona ba, sai don ba ni da nauyi. Ɗan maƙeri shi ne garkuwata. Duk wanda ya doso ni, kafaɗa ɗaya yake ba shi ya saki ƙafa.

Shekarata ta huɗu, Mushe ya ce yaro ɗaya zai tura Yamai ƙarin karatu. Kowa ya san tsakanina ne da ɗan tafinta, wani siriri mai kaifin ƙwaƙwalwa da kaifin baki, kuma sifiri ɗaya ya isa ya raba mu. Ranar Laraba na taka ƙaya na ce "wayyo inna!" Kafin in cire ta, ɗan tafinta ya rataya mini ƙashin.

Kwana uku na yi da shi. Ban san irin shirun da yara za su iya yi ba sai a kwanakin nan. In na doso, hira ta mutu. In na wuce, ta tashi a bayana. Na riƙa zagaya ɗakunan kamar kare mai neman inuwa, ina kasa kunne, ina jin kunyar kaina. A wajen danga ɗan maƙeri ya dafa ni ya ce, "Bari damuwa, ƙanena. Bakin wani za shi suɓuce kamin Assabat."

Bakin kowa bai suɓuce ba. Asabar ta zo, a hutun hantsi, wanda daga shi sai tashi, aka ja layin langa, karo na raba gardama, don mun ci ɗaya sun ci ɗaya. Na tura ƙashin cikin riga na kama ƙafa. 'Yan tsire suka yo kaina su uku. Ɗan maƙeri ya kayar da biyu, ya tare na ukun da ƙirji, yana ihu:

"Tahi, ƙanena! Kak ka dibi baya, ni ad da su! Sha!"

Na sha. Na rungumi gawo ina haki, fili ya ɗauki sowa. Sai na hango Mushe ya fito da guduma a hannu, ya nufi ƙarfen tashi.

Duk filin nan Hausa ake yi, ko wa na ga dama zan iya nunawa, zan kuma iya tsayawa in sha bulalata kamar yadda kowa yake sha. Na daɗe ina gaya wa kaina wai ruɗewa na yi. Ƙarya nake. Na duba fuskokin ɗaya bayan ɗaya, na zaɓi wanda na tabbata ba zai tare ni a hanya ya dake ni ba. Ɗan maƙeri ya zo da gudu zai ɗaga ni sama, ya sunkuya, na zura masa igiyar a wuya.

Sowar ta yanke. Ya dubi ƙashin, ya dube ni. Ƙarfe ya buga. Ya je ya kwanta a benci aka zane shi, bai yi ko tari ba. Ɗan tafinta da kansa ya tofar da yawu da zan wuce.

Ni aka tura Yamai. Kafin tafiyar na yi ta zuwa gindin dutse da goriba a hannu, ɗan maƙeri bai zo ba. Da damina ta faɗi ya koma maƙerar ubansa.

Bayan shekaru masu yawa, ina akawu, aiki ya bi da ni kasuwar Baleyara. A layin maƙera na gan shi, ya yi furfura a gemu, yana sayar da hauya da lauje, yana ta zuba da maƙwabcinsa kamar yadda na san shi. Na durƙusa da wandona na ofis na ce, "Yaya, ina wuni? Ni ne hwa."

Ya gane ni, na gani a idonsa. Ya miƙe tsaye, ya cire hula.

"Bonzur, mushe," in ji shi da Faransanci, irin gaisuwar da muke yi wa malaminmu.

Na yi ta magana da Hausar ƙauyenmu, na tambayi gida, na tambayi tsoho, na ce ya yafe mini abin da na yi. Ya saurara har na gama, hula a hannu.

"Wi, mushe," ya ce, yadda muke amsa wa malamin a aji.

Ya koma ya zauna, ya juya wajen maƙwabcinsa, suka ci gaba da zancen ruwan da aka yi shekaranjiya. Na tsaya a wurin har direban motarmu ya danna mini oda.