Bangon da Aka Ƙi Yaɓewa

Tun ranar da ɗakin Iya ya faɗi, in na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa sai in dubi bangon da ke kusa da ni. Da can babu ƙamshin da nake so kamarsa. Yanzu ko yaro ne ya watsa ruwa a tsakar gida, sai in nemi wurin zama nesa da bango. A ƙarƙashin rumfar zana nake wannan rubutu, don har yau na kasa kwana inda akwai azara a saman kaina.

Iya kakata ce, mahaifiyar babana. Mijinta, wanda muke ce wa Kaka, shi ya gina gidanmu na Madarumfa da hannunsa, kuma a wurinsa muka san cewa ginin ƙasa kamar dabba yake, sai ana ba shi abincinsa. Da bazara, in zafi ya kai zafi, tabki ya ja baya, sai ka ga Kaka yana zagaya gida yana ƙwanƙwasa bango da sandarsa, ya kasa kunne. Inda ya ji fanko sai ya ja layi da gawayi. Washegari jakuna sun fara kai da kawo daga kududdufi, mangala cike da jar ƙasa.

Ba ya sayen komai don wannan aiki, tara kayansa yake yi tun daga kaka. Ɓawon ɗorawar da muka shanye garinta muka yar, shi ke bi yana tsincewa, a jiƙa a tsohuwar randa ya zama makuba, ruwan nan mai duhu da ke sa yaɓe ya yi ƙarko. Kashin jaki yana da kusurwarsa. Tsohuwar ciyawar jinkar rumbu ba a ƙona ta, daddatsa ta ake yi a zuba a kwaɓi. A kwaɓa, a rufe, a bar ƙasar ta ruɓa har ta yi wari, sannan a kira gayya. Maƙwabta su zo, Iya da mahaifiyata, Inna, su dama fura, mu yara mu shiga kwaɓi har gwiwa muna tattakawa. Kaka yakan dube ni ya ce, "Amarya, wannan taku naki ko tururuwa ba ta ji. Da wannan ƙafar za ki riƙe mini gida?" In ce ni ba na auren mai furfura, a yi ta dariya.

Wata shekara wani maƙwabci ya ce masa an ce gwamnati za ta raba siminti, don me tsoho zai wahalar da ƙashinsa. Kaka bai ko ɗago kai ba, yana ta shafa ƙasa da tafin hannu. Ya ce, "Hukuma ta gyara hanya, ta kori ɓarayin shanu, ta aje magani a likita. In ta yi wannan, Allah shi saka mata. Amma bangon da matata ke kwana bayansa, mi ya kai hukuma ciki?"

Babana ya riga Kaka rasuwa, don haka da Kaka ya bi shi, gida ya koma hannun Baffa, ƙanen babana. Ba zan ce malalaci ne ba. Yana noma, yana kai albasa kasuwar iyaka. Shekarar farko ma ya yi yaɓe. Sai aka yi wata ambaliya ta rushe gidaje a gangaren unguwarmu, masu furoje, wato ma'aikatan agaji, suka zo da motocinsu. Duk wanda ɗakinsa ya faɗi ya samu shinkafa da tabarma da bargo, wasu har da kwanon rufi. Mu da bangonmu ke tsaye, aka leƙo, aka ce alhamdulillahi, aka wuce. Ranar Baffa ya shigo yana huci. Ya ce a ƙasar nan mai gyara shi ne wawa. Daga nan jaki bai sake sauke ƙasa a ƙofar gidanmu ba.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. A bakin masallaci sai ka ji manya masu gemu ana ta wane ya samu, wane bai samu ba, wani har yana dariya wai tsohon ɗakin awakinsa ya ciwo masa buhu. Unguwa guda ta zauna tana jiran bango ya faɗi kamar masu jiran mangwaro ya nuna. Su kuma masu rabon, da farar mota da riguna iri ɗaya, ban ga alamar ko ɗayansu ya taɓa tambayar kansa abin da yake koya wa mutane ba. Ka saka wa wanda ya bar gidansa ya lalace, ka juya wa mai gyara ƙeya, sannan baɗi ka dawo kana jajanta mana wai rushewa ta ƙaru.

Bana tsagewa ta fito ƙiri-ƙiri a bangon gabas na ɗakin Iya, inda ruwa ke duka. Yatsana yana shiga. Indararo ya toshe, ciyawa ta tsiro a kan soro. Inna ta yi magana, Iya ta yi. Baffa ya ce, "Iya, kwantar da hankalinki. Ginin ƙasa ba ya faɗuwa sai ya yi sallama. Da ya fara zuba mu fid da ke, a zo a gani, mu samu kwano mu yi miki na zamani."

Iya ta ce, "Ubanka bai taɓa jiran sallamar bango ba." Ta ci gaba da jan carbinta.

Bai yi sallama ba. Ana cikin malka, bayan la'asar, ina zaune a bakin ƙofa ina tsintar wake, Iya na ciki a kan gado. Na ji wani nishi kamar na bijimi, sai wuri ya yi duhu, ƙasa da ruwa suka cika mini baki. Da na miƙe, babu ɗaki. Hannunta kawai na gani. Ban san lokacin da na fara tono ba. Na san dai farcena sun kakkarye, na san ina kiran sunanta na yanka, wanda bakina bai taɓa furtawa ba tun da aka haife ni. Maƙwabta suka taru, aka ɗaga azara, aka jawo ta da rai. Cinyarta ta karye, ƙugunta ya goce, aka wuce da ita likita Maraɗi. Baffa ma ya yi tono, ya yi kuka kamar yaro. Na gani da idona, ba zan tauye masa wannan ba.

Amma washegari da Inna ta ɗauko kwando za ta kwashe ƙasar, sai ya tare ta. Kada a taɓa komai, in ji shi, sai masu ƙidaya na furoje sun zo sun ɗauki hoto. Ɗakin Inna, inda ƙannena ke kwana, shi ma ya tsage tun daga sama da ya rasa abin jingina. Wai shi ma a bar shi haka, ɗaki biyu ya fi ɗaya. Ni kuma da na yi lakwal, karatun boko, in shirya in yi musu bayani da Faransanci.

Ya fita, na dubi gabas, hadari na haɗuwa. Ina tsoron Baffa, tun da nake ban taɓa ɗaga masa murya ba. Amma tsoron wancan nishin ya fi. Na ɗauki fartanya na hau tarin ƙasar ɗakin Iya na fara farfasawa. Inna ta tsaya tana kallona, can sai ta ɗauko tulu ta kwarara ruwa. Matan maƙwabta suka shigo suka ɗaure zane. Tsohon maginin unguwa ya kawo itace ya tokare bangon, ya nuna mana inda za mu cusa kwaɓi, ya hau ya buɗe indararo, muka lulluɓe da zana.

Baffa ya dawo ya tarar da mu cikin laka.

"Ke, kin san abin da kika ɓata mana?"

"Na sani, Baffa."

"In sun zo, mi za su gani?"

"Su ga yara da rai."

Tun ranar bai amsa gaisuwata ba. Masu ƙidayar sun zo daga baya, suka ga wuri a share, bango a tokare, suka ce wannan gida ya iya da kansa, suka wuce. Yanzu a unguwa ana cewa karatu ya sa mini taurin kai, na kori arzikin gidanmu. Su yi ta faɗa. Ana ce mana zamani ya gyaru, talaka ya samu mai kula da shi. Ni abin da idona ya gani shi ne maza masu ƙarfi an mai da su 'yan kallon gidajensu, har ɗa ya bar uwarsa a bayan tsagaggen bango yana jiran mota. Ban yafe wa masu motar ba, Baffa ma ban yafe masa ba tukuna.

Ɗazu Iya ta aiko daga likita tana tambaya ko an yi ruwa a wajenmu jiya. An yi, kamar da bakin ƙwarya. Na ce a gaya mata ƙannena a ɗaki suka kwana, kuma sun tashi.